Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Da Gwamnonin Arewa Kan Rayukan Da Muke Rasawa Ta Hanyar Kashe Kai

Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate,
Masu girma Gwamnonin jihohin Arewa 19 da Shugabannin Majalisun Dokokinsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da Ya ɗora muku, Ya ba ku masu ba ku shawara ta gaskiya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati da ke karkara a Arewa maso Yamma. Ina magana da yawun ire-irena, masu jinya da ungozomomi da jami'an lafiya na matakin farko, waɗanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan abin ya faru. Ina kuma magana da yawun iyalan da suka binne nasu suka haɗiye maganar, domin su ba za su taɓa rubuta muku wasiƙa ba. Kunya ta hana su, tsoron hukuma ya ƙara rufe musu baki.

Yabon gwani ya zama dole, don haka zan fara da abin da aka yi. A farkon shekarar 2023 aka sanar da cewa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. A ƙarshen shekarar 2023 ɗin, Ranka ya daɗe Minista, ma'aikatarka ta ƙaddamar da tsarin ƙasa na hana kashe kai wanda zai yi aiki daga 2023 zuwa 2030. A watan Oktoban 2024 aka kafa kwamiti na musamman don cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, har kuka sa wa kanku wa'adin Disambar 2025. Duk wanda ya san yadda maganar nan ta daɗe a binne a Nijeriya ya san ba ƙaramin aiki aka yi ba. Allah Ya saka da alheri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk wannan aikin ya tsaya a Abuja, cikin harshen Turanci, a hannun mutanen da dama sun riga sun yarda da shi. A ɗakin da nake aiki babu abin da ya sauya. Kuma mabuɗin da zai sauya shi, kaso mafi girma yana aljihun gwamnoni da majalisun jihohi, shi ya sa na haɗa ku a wasiƙa ɗaya.

Babbar damuwarmu ita ce dokar da ke hukunta wanda ya tsira. Sashe na 231 na Final Kod, wato kundin hukunta laifuka da jihohin Arewa ke aiki da shi, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga duk wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A Kudu kuma sashe na 327 na nasu kundin ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya. Wannan tunani daga Ingila ya zo mana, kuma Ingila ɗin ta soke nata tun 1961. Mu ne muka riƙe har yau. Wani zai ce ai ba kasafai ake gurfanar da kowa ba, to me ya yi zafi? Amsar tana bakin ƙofar asibiti. Doka ba sai an ɗaure mutum da ita take yin ɓarna ba, sanin cewa tana nan kaɗai ya isa.

Ga yadda abin yake faruwa. Wata daren damina aka kawo mana wata yarinya, amarya ce da ba ta cika shekara a ɗakinta ba, an kwantar da ita a bayan a-kori-kura, mahaifiyarta na riƙe da kanta. Zaninta duk manja. Tun bayan la'asar ta sha guba, amma sai da aka yi sallar isha'i aka yanke shawarar kawo ta. Duk tsawon wannan lokacin ana gida ana ɗura mata manja da madara, abin da ba ya karya guba, sai ma ya sarƙe mutum ya gangara masa cikin huhu. Da na tambayi dalilin jinkirin, ƙanin mahaifinta ya ja ni gefe ya ce, "Malama, mu dai kada maganar ta je wurin 'yan sanda. Ki rubuta kuskure ne." Mahaifiyar kuwa ba ta ce komai ba sai da gari ya waye yarinyar ta buɗe ido, sannan ta kama hannuna ta ce, "Ki rufa mana asiri, Allah Ya rufa naki." Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba. Akwai waɗanda aka kawo da irin wannan jinkirin, ba su kai safiya ba.

Awannin da aka ɓata a gidan nan, dokar ce ta cinye su. Kuma ba iyali kaɗai take tsorata ba. Akwai asibitocin da ma'aikaci zai ce sai an kawo rahoton 'yan sanda kafin ya taɓa irin wannan majiyyaci, don gudun kada gobe a kira shi ofis. Akwai inda maganar kan fita, a zo a tafi da mutumin da jiya-jiya aka ceto ransa, iyalinsa su shiga neman kuɗin beli a kan bashin da wataƙila shi ne ya kai shi ga abin da ya aikata. Mutumin da duniya ta yi wa ƙunci har ya ga mutuwa ta fi masa sauƙi, me zaman gidan yari zai koya masa?

Na san abin da ke sa 'yan majalisunmu ɗari-ɗari. Suna tsoron a ce sun halatta abin da Allah Ya haramta. Ni Musulma ce, kuma babu wanda ke jayayya cewa kashe kai babban zunubi ne. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku kashe kawunanku, lalle Allah Mai jin ƙai ne a gare ku. 'Yan'uwanmu Kiristoci ma haka addininsu ya hana. Haramcin yana nan daram ko da sashe na 231 ko babu shi, domin ba daga Final Kod ya samo asali ba. Abin da muke nema a cire shi ne ɗaurin da ake yi wa marar lafiya. Addinin da ya haramta kashe kai shi ne ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo hayyacinsa, shi ne kuma ya umarce mu da neman magani. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya kashe kansa ana yi masa wanka, a yi masa salla, a binne shi cikin Musulmi, a bar lamarinsa ga Ubangijinsa. Idan wannan ne matsayin wanda ya riga ya tafi, wanda Allah Ya bar mana da rai ya fi cancantar a tausaya masa. Pakistan, ƙasar Musulmi, ta soke irin wannan hukunci a 2022. Malesiya ta bi sahu a 2023. Majalisar dokokin Ghana ta yi haka a 2023, a Kenya kuma babbar kotu ce ta rushe sashen a watan Janairun 2025. Ko a cikin gida, jihar Legas tun a dokarta ta 2011 ta mayar da abin umarnin kai mutum asibiti. Ba a ji cewa addini ya rushe a ko ɗaya daga cikin wuraren nan ba.

Masu girma Gwamnoni, a nan maganar ta zo kanku. Final Kod dokar jiha ce. Kowace jiha da nata kundin, majalisarta ce kuma ke da ikon gyara shi. Ko yau Majalisar Tarayya ta gama nata aikin, ɗan sanda a Gusau ko Dutse ko Damaturu da kundin jiharsa zai yi aiki. Haka Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2023, sai jiha ta karɓe ta ta mayar da ita tata kafin amfaninta ya iso asibitocin jiha, inda talaka ke zuwa. Idan kuka zauna jiran Abuja, Abuja kuma tana ganin ta sauke nata nauyin, haka za a wayi gari 2030 ta zo ba a taɓa komai ba.

Damuwa ta biyu ta fito ne daga ta farko: ba mu san yawan mutanen da muke rasawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum dubu 700 ne ke kashe kansu a duniya duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Amma idan aka zo kan Nijeriya, ƙiyasi kawai ake yi. Ƙiyasin hukumar na shekarar 2016 ya haura mutum dubu 17, na 2019 kuma ya sauko wajen dubu 7. Ba wani gagarumin aiki aka yi a shekara uku da ya rage rabin matsalar ba, lissafin ne ba shi da tushen da zai tsaya a kai. Ta yaya zai samu? A wurinmu mutum kan rasu da hantsi a binne shi kafin azahar, babu takardar shaidar mutuwa, babu wanda ya rubuta dalili. Sanarwar da za a yi a masallaci da rediyo ita ce ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. A katin asibiti kuma abin da iyali suka roƙa shi ake rubutawa, an sha guba bisa kuskure. Daga nan sai wani ya duba takardu a ofis ya ce ai Arewa ba ta da wannan matsalar, mutanenta masu tawakkali ne, matsalar 'yan boko ce da mutanen Legas. Da wannan maganar ake hana mu kasonmu na ma'aikata da magani. Mu da muke wanke majiyyatan nan mun san ba haka abin yake ba.

Kuma idan ba a ƙirga ba, ba za a fahimci dalili ba. Abin da ke tura ɗalibin jami'a a birni daban yake da abin da ke tura matar aure a ƙauye. A ɗan abin da idona ya gani, akwai yarinyar da aka yi wa auren da ba ta so, ta kai kuka gidan iyayenta aka ce ta koma ta yi haƙuri. Akwai mai jegon da ta daina barci, ta daina cin abinci, take kallon jaririnta kamar ba nata ba, aka ce aljanu ne ko jifa. Akwai saurayin da ƙwaya ta cinye, da wanda cacar ƙwallo ta waya ta jefa cikin bashi, da wanda masu ba da rance ta manhaja suka aika wa duk lambobin da ke wayarsa saƙon tozarci. Binciken da aka yi kan shan miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya wajen miliyan 14 ne ke ta'ammali da su, kuma kowa ya san Arewa ba ta tsira ba. Sannan ga abin da shekarun nan suka jawo mana: matar da aka sako daga hannun 'yan bindiga ta dawo gida ana nuna ta da baki, da ɗan gudun hijirar da a da yake ciyar da gida guda yau yake layin karɓar tallafi, da sojan da ya dawo daga daji da abin da ya gani a kansa.

Wani magidanci a garinmu ya sayar da gonarsa da shanun nomansa ya biya kuɗin fansar 'ya'yansa. Yaran sun dawo lafiya, kowa ya yi masa barka. Bayan nan sai ya daina zama a majalisa. Ya bi duk wanda yake binsa bashi ya biya ɗan abin da zai iya, ya ba ƙaninsa rediyonsa da babbar rigarsa ta salla, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa a yafe masa. Mutane suka riƙa cewa kai, wane ya ƙara tsoron Allah. Duk alamomin da littafin koyarwa ya lissafa sun bayyana a fili, a gaban mutanen da ke ƙaunarsa, amma babu wanda aka taɓa gaya wa cewa waɗannan alamomi ne. Da a ce limaminsu ko mai unguwa ko ɗaya daga cikin abokansa ya san ya kamata ya zaunar da shi ya tambaye shi kai tsaye, "Wane, kana tunanin hallaka kanka ne?", wataƙila da labarin ya sauya. Masana sun tabbatar cewa yin wannan tambayar ba ya cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa, don ya samu wanda zai faɗa wa.

To a ce an gane, ina za a kai shi? Wannan ce damuwa ta uku. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha faɗa cewa likitocin wannan fanni da suka rage a ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa kayansu suna ficewa ƙasashen waje. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da muke da su a wannan yanki, irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, suna iya ƙoƙarinsu, amma mutumin ƙauye sai ya yi tafiyar yini, a hanyar da ba kullum take da aminci ba, da kuɗin motar mutum biyu ko uku, kafin ya ga likita. Ga kuma sunan da jama'a suka laƙaba wa wuraren, asibitin mahaukata, wanda ya isa ya hana yarinya samun miji har da ƙannenta. Saboda haka idan mun ceto mutum muka sallame shi, sallama ce kawai. Babu wanda zai bi shi gida, babu ranar dawowa, alhali an san cewa wanda ya taɓa yin yunƙuri shi ya fi kowa shiga haɗarin sakewa, musamman a watannin farko. Amaryar nan da na ambata, gidan da ta fito nan aka mayar da ita.

Inda hukuma ta bar gurbi, wasu ne ke cikewa. Ba mu manta da abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, daga wani gidan da iyaye ke kai 'ya'yansu don a gyara musu hali. An rufe gidajen mari da dama a lokacin, kuma daidai ne. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba don ƙiyayya suka kai su ba, rasa wurin kaiwa suka yi. An rufe waccan ƙofar ba a buɗe musu wata ba.

Abin takaicin shi ne maganin wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun a shekarun 1950 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin ƙwaƙwalwa a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, suna zaune cikin jama'a tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya a maimakon ya kore su. Duniya ta zo ta koya daga gare shi. Tun 1991 manufar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta ce a shigar da wannan kulawa cikin asibitocin matakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, su iya gane ciwon damuwa, su tantance haɗari, su fara magani, su san lokacin turawa gaba, kuma an gwada shi a Nijeriya ya yi aiki. Mu ne a kusa da mutane. Matar da ba za ta taɓa zuwa Dawanau ba tana zuwa awon ciki, tana kawo yaro rigakafi. A ba mu horon, a sa magungunan a kantin asibiti, a haɗa mu da likita ɗaya da za mu iya kira a waya.

Sai maganar guba, wadda ita ce mafi saurin gyaruwa idan an so. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da magungunan ƙwari na noma suke yi, kuma galibi a karkara. Da yawansu ba shiri suka daɗe suna yi ba. Ɓacin rai ne na ɗan lokaci, faɗa da miji ko da uba, abin kuma yana nan a kan taga ko ƙarƙashin gado. Idan babu shi a kusa, zuciya kan sauka, mutum ya kwana ya tashi. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan feshi mafiya haɗari, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, an ƙiyasta rayuka dubu 93 aka ceto, kuma noma bai durƙushe ba. A nan gida, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani sanannen maganin ƙwari a kasuwanni da kantuna a 2019, daga baya ta sanar da janye wasu magungunan feshi daga kasuwa. Amma duk mai shakka ya shiga kasuwar ƙauye ranar da take ci. Zai ga ana ɗura su a kwalaben da babu suna, ana sayar wa yaro ɗan shekara goma da aka aiko, a tebur ɗaya da gishiri da magi. Doka ta fita, mai tabbatar da ita ne babu.

Akwai kuma yadda ake ba da labarin. Idan abin ya faru, kafin a yi jana'iza hoton mamacin ya zagaye Facebook da WhatsApp, da sunan abin da ya yi amfani da shi, da wasiƙar da ya bari, wasu gidajen rediyo har da hirar maƙwabta. An daɗe da sanin cewa irin wannan yayatawa na jawo kwaikwayo, musamman tsakanin matasa da dama suna bakin gaɓa. Ƙarƙashin labarin kuma sai ka ga ɗaruruwan mutane suna yanke wa mamaci wuta, ba su tuna mahaifiyarsa na da waya ba, ba su kuma tuna akwai wani mai irin ciwonsa da ke karantawa yana ƙara ƙudurta cewa ba zai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ga abin da muke roƙo.

Masu girma Gwamnoni, kowannenku ya umarci Kwamishinan Shari'a na jiharsa ya kai wa majalisa ƙudurin soke hukuncin yunƙurin kashe kai, a maye gurbinsa da wajabcin kulawar asibiti. A jihohin da ke da kundin hukunta laifuka na Shari'a, a zauna da malamai da alƙalai a duba duk inda irin wannan tanadi yake. Hukuncin wanda ya zuga wani ko ya taimaka masa ya kashe kansa kuwa a bar shi, a ma ƙarfafa shi. Ku sa maganar a ajandar taron Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, ku fito da matsaya ɗaya, domin babu gwamnan da zai so ya zama shi kaɗai ya fara. Ku karɓi Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a jihohinku, ku ware mata layi a kasafin kuɗi, kuma a saki kuɗin.

Kafin majalisu su gama nasu, akwai abin da takarda ɗaya za ta iya yi a wannan makon. A 2017 an yi dokar da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ba. Ranka ya daɗe Minista, muna roƙon ka haɗa kai da Sufeto Janar na 'Yan Sanda a fitar da umarni makamancin wannan: duk wanda aka kawo bayan yunƙurin kashe kansa a karɓe shi nan take, a riƙe sirrinsa, kada a kama shi, kada a kama wanda ya kawo shi. A karanta umarnin a rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunanmu, a maimaita har sai ya shiga kowane gida, a haɗa da gargaɗin cewa a daina ɗura manja, a garzayo asibiti.

Muna roƙon a samar da hanyar rubuta waɗannan lamura a asibitoci ba tare da suna ba: shekaru, jinsi, ƙaramar hukuma, abin da ya faru. A haɗa da masu unguwanni da dagatai, waɗanda babu gawar da ake fitarwa ba da saninsu ba, a kuma ba jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos kuɗin bincike, su gano mana dalilan da suka shafi mutanenmu. A fitar da sakamakon duk shekara kowa ya gani.

Muna roƙon a horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a kowane asibitin matakin farko da ke cin gajiyar asusun kula da lafiya na bai ɗaya da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, a sa magungunan ciwon damuwa cikin waɗanda inshorar lafiya ta jiha ke biya, a kuma wajabta bibiyar duk wanda aka sallama, ko da ta kiran waya ne. Ƙungiyoyin sa kai irin wadda ta faro daga asibitin koyarwa na Legas a 2017 sun yi ƙoƙari wajen buɗe layukan waya, amma aikin ya fi ƙarfin 'yan sa kai. A haɗa lambar gaggawa ta 112 da masu ba da shawara da aka horar, masu jin harsunanmu, mata da maza, dare da rana, kyauta.

Muna roƙon NAFDAC da ma'aikatun gona na jihohi su bi kasuwannin ƙauye, su hana ɗura maganin feshi a kwalaben da ba nasa ba da sayar wa yara, a cire mafiya haɗari gaba ɗaya, malaman gona kuma su koya wa manoma ajiye abin da ya rage a kulle, nesa da ɗakin kwana. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, da ƙungiyar 'yan jarida, da hukumar tace fina-finai ta Kano, su zauna su fitar da ƙa'idar ba da irin wannan labari da Hausa: babu hoto, babu bayanin hanya, a riƙa faɗin inda za a samu taimako.

Roƙo na ƙarshe ya shafi iyayenmu sarakuna da malamai da fastoci, kuma ta hannunku zai fi saurin isa gare su. Mutumin da ke cikin ƙunci, kafin ya zo wurinmu ya riga ya je wurin malaminsa. Ba mu neman kowa ya daina addu'a ko ruƙiyya. Muna neman malamin da zai yi wa mutum addu'a sannan ya ce masa tashi mu je asibiti, wanda zai hau mumbari ya gaya wa jama'a cewa ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai salla da mai azumi, kuma yana da magani. Ranar 10 ga Satumba ce ranar hana kashe kai ta duniya. Muna roƙon Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam da Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya su ware Juma'a da Lahadin makon da ranar ta faɗo don wannan huɗuba, ma'aikatar lafiya kuma ta tanadar musu bayanin da za su dogara da shi a harshen da mutane ke ji.

Muna jiran amsarku a aikace, kuma a shirye muke mu zauna da duk kwamitin da kuka turo, mu nuna masa abin da ke faruwa a ɗakunanmu.

Allah Ya ba ku ikon yi. Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar jinya, a madadin abokan aikinta da iyalan da abin ya shafa.